Bakin tsakar da ɗana ke kiwo ya karkace, ko me ke jawo haka?

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san yawancinmu a zauren nan kaji da zomaye da tumaki muke kiwo, amma na ga akwai likitocin dabbobi a cikinmu, shi ya sa na kawo wannan. A Manchester muke zaune. Wata maƙwabciyarmu ce za ta tashi, sai ta bar wa ɗana wata tsaka da take kiwo a akwatin gilashi, irin rawayar nan mai ɗigo-ɗigon damisa da jela mai kauri. Ta ce mace ce, shekararta wajen 2. Abin da ya dame ni shi ne bakinta. In ta rufe shi, muƙamuƙin ƙasa ba ya kaiwa na sama, ya ɗan shige ciki, kuma ya karkata hagu har ana ganin dasashi ta gefe. In ta cafki tsutsa sai ta suɓuce mata, sai ta yi ta gwadawa kafin ta haɗiye ɗaya. Yaron ya ƙwallafa rai a kanta. Ga hoton nan, don Allah wanda ya san abin ya taimaka.

Baba Mai Kaji:
Wa alaikumus salam 'yata. Tsaka fa kika ce? Irin ta bangon ɗaki?

Ɗalibar Zariya:
A'a Baba, 'yan uwa ne dai amma ba ita ba ce. Wadda ke hoton sunanta na kimiyya Eublepharis macularius, asalinta busassun wurare masu duwatsu na Pakistan da Afghanistan da arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran. Tana da fatar ido tana ƙiftawa, kuma ba ta iya manne wa bango kamar tamu ta gida. Tana cikin dabbobi masu rarrafe da aka fi kiwo a Turai da Amurka, kuma in ta samu kulawa tana kai shekara 15 zuwa 20.

Kawu na Houston:
Hajiya, na daɗe ina kiwon irinta a nan Texas. Kada hankalinki ya tashi tukuna. Da yawansu haka ake ƙyanƙyashe su, na ƙasa ya gaza ko ya zarce, kuma su yi rayuwarsu lafiya lau har tsufa. Masu sayarwa suna haɗa 'yan uwa na jini barbara domin su fitar da launin da kasuwa ke so, to irin wannan naƙasar takan biyo baya. Ni dai a hoton nan abin da na gani ke nan.

Likitan Dabbobi:
Alhaji, maganarka tana faruwa, amma ba zan so a tsaya a kanta ba. Karkacewar baki alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo ta suna da yawa, wasu ba su da haɗari, wasu kuwa suna kashewa. Hajiya, ki amsa mini waɗannan. Matar ta ce tun tana ƙarama haka bakin yake, ko daga baya ya sauya? Me ake ba ta? Ana barbaɗa wa abincin wani farin gari kafin a ba ta? Wace irin fitila ce a saman akwatin? Nawa ma'aunin zafi ke nunawa a ɓangaren da ya fi ɗumi? Sannan ki zauna ki kalli tafiyarta. Tana ɗaga cikinta daga ƙasa ko jan sa take yi? Yatsunta suna rawa in ta ɗaga ƙafa? Ta taɓa yin ƙwai?

Maman Abba:
Likita na gode. Na kira matar, ta ce da lafiya lau bakin yake, bayan da ta yi ƙwai ne a bara ta fara ganin canji, ta ɗauka girma ne. Tsutsotsi masu ruwan ƙasa-ƙasa kawai take ba ta, waɗanda ake sayarwa a roba cikin dusa. Akwai wata kwalbar gari da ta haɗo mana da ita, an rubuta kalsiyam, amma na duba babu bitamin D3 a jiki, kuma ta ce ba kullum take sawa ba. Fitila babu, sai wata tabarmar lantarki a ƙarƙashin akwatin. Tafiyarta kuwa gaskiya jan ciki take yi, ƙafafun gaba sun ɗan lanƙwashe waje. Abin da ya ba ni mamaki, ta ce ba ta taɓa haɗa ta da namiji ba, to yaya aka yi ta yi ƙwai?

Baba Mai Kaji:
Wannan kam ni ma zan iya amsawa. Ai kazar gidan gona ma tana saka ƙwai ba zakara, ƙyanƙyashewa ne dai ba zai yi ba. Kuma duk mai kajin ƙwai ya san abin da ke faruwa in abinci ya rasa garin dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa. Ƙwai ya fara fitowa da laushin ɓawo, daga nan sai ka ga kaza ta kwanta ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Daga ƙashinta take cirewa tana zuba wa ƙwan. Likita, ba shi ne wannan ba?

Likitan Dabbobi:
Ranka ya daɗe Baba, ka kama hanyar. Abin da Hajiya ta lissafa ya sa zargina ya fi ƙarfi a kan ciwon laushin ƙashi, wanda shi ne ya fi kowane ciwo yawa a cikin ƙadangarun da ake kiwo a gida. Bari in yi bayaninsa da ɗan tsawo domin yana da muhimmanci.

Jiki ba ya yarda kalsiyam na cikin jini ya yi ƙasa, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. In abinci bai kawo isasshe ba, akwai wata 'yar halitta a wuya da ake kira paratayirod, sai ta saki sinadarin da ke umartar ƙashi ya sallama nasa. A yi haka wata da watanni, sai ƙashi ya zama fanko, jiki ya riƙa cike gurbin da wani zare-zaren nama marar ƙarfi. Muƙamuƙi na cikin inda abin ke fara bayyana, saboda siririn ƙashi ne kuma kullum cikin aiki yake. Tsokokin harshe da na maƙogwaro suna manne da na ƙasa, suna jan sa baya. Muddin ƙashin na da tauri ba ya biye musu, amma da zarar ya yi laushi sai ya lanƙwashe ya gajarta, gefensa ya bultso. Abin da kike gani a hoton ke nan, in zargina ya tabbata. A wasu kuma ƙashin fuska na sama ne ke fara lotsawa, sai a ga kamar na ƙasa ne ya zarce.

Dalilin da ya sa ake faɗawa wannan hali a sauƙaƙe shi ne ƙwarin da ake sayarwa ba su da kalsiyam ɗin kirki. Abin da ake so a abincin shi ne kalsiyam ya ninka fosforas kamar sau 2. A gyare kuwa akasin haka ne, fosforas ne ya ninka kalsiyam wajen sau 7, a tsutsar dusar nan ma ya haura sau 10. Sannan ko an zuba garin kalsiyam, hanji ba ya iya tsotse shi yadda ya kamata sai da bitamin D3. Shi kuma hanya biyu ake samunsa, ko a abinci, ko fata ta ƙera shi in hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya taɓa ta, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa gyara shi. Wannan baiwar Allah ba ta samu ta ko'ina ba. Babu fitila, garin babu D3, sannan ga ƙwai, wanda irinsu biyu-biyu suke yi kuma sau da yawa a kaka guda.

Kawu na Houston:
Likita, da na ji batun jan ciki da ƙwai, na yarda ba haihuwa ba ce. Amma batun fitila ban yarda ba. Dabbar dare ce, da rana tana cikin rami. Manyan masu kiwo a Amurka sun yi shekara da shekaru suna tara dubbai a cikin akwatunan roba ba tare da UVB ba, garin kalsiyam mai D3 kawai suke sawa, kuma zuriya bayan zuriya ƙashinsu lafiya. Kada a sa Hajiya kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne matsalar ba.

Ɗalibar Zariya:
Kawu, da izininka. Akwai binciken da aka wallafa a 2020 a kan wannan tsaka ɗin takamaimai. An raba 'ya'ya gida biyu, duka ana ba su D3 a abinci, amma kashi ɗaya ana haska musu UVB. Waɗanda aka haska wa sun fi yawan bitamin ɗin a jini, wato fatarsu tana amfani da hasken duk da ana kiran su na dare. Sai dai kuma binciken ya nuna waɗanda ba a haska wa ba su ma sun girma daidai a watanni 6 na farko. To ka ga kowa na da abin kamawa a ciki.

Likitan Dabbobi:
Madalla ƙanwata. Ni abin da ya sa nake goyon bayan fitila shi ne wannan. D3 na gari, mutum ne ke ƙiyasta yawansa da hannu, kuma yana taruwa a jiki. In ya yi kaɗan ƙashi ya yi laushi, in ya yi yawa kalsiyam ya riƙa daskarewa a ƙoda da jijiyoyin jini, wannan kuma ba ya gyaruwa. Amma wanda fata ke ƙerawa, jiki da kansa yake tsayar da shi in ya isa. Alhaji, kai ka ƙware, hannunka ya san awo. Yaro ɗan makaranta da mahaifiyarsa da ba su taɓa yi ba fa? Kuma a dawa ba dare zalla take fita ba, da magariba da asuba take yawo, wani lokaci ta kwanta a bakin rami jela ko ƙafa na waje rana na taɓawa. Ba fitila mai ƙarfi ake nufi ba. A rabe-raben da Gary Ferguson da abokan aikinsa suka fitar a 2010, ana sa wannan tsaka a rukuni na farko, na masu buƙatar haske mafi rauni. Dogon ƙwan fitila mai rauni, a rabin akwatin kawai, da maɓoya inda za ta shige in ta ga dama. Zabiyoyin cikinsu ma sai an ƙara ragewa saboda idonsu.

Kawu na Houston:
Na ji. Ban canja ra'ayi ba a kan nawa, amma ga sabon shiga ba zan hana ba.

Yaya Mai Zomaye:
To ni a ganina me zai hana ta ajiye akwatin a bakin taga rana ta riƙa dukansa? Kyauta ne ai. Sannan tunda kun ce ƙashin da laushi, ba sai a bi shi a hankali da yatsa a miƙar da shi ba, yadda masu ɗori ke yi, kafin ya ƙanƙare a karkace?

Likitan Dabbobi:
Yaya, don girman Allah kada kowa ya gwada ko ɗaya daga cikin biyun nan. Gilashi yana tare UVB kusan gaba ɗaya, zafi ne kawai ke ratsawa, sai akwatin ya ɗau zafin da zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Kuma a Ingila daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da ko mutum zai ƙera bitamin D da ita, hukumar lafiyarsu ma tana shawartar mutane su sha na kwalba a wannan lokaci. Batun miƙarwa kuwa, ƙashin da ya kai wannan matsayi yana karyewa da ɗan matsi kaɗan. Muƙamuƙin ƙasa ɓari biyu ne da suka haɗu a haɓa, kuma a nan mahaɗar yake yawan rabewa. Ko buɗe bakin da ƙarfi domin a leƙa, ban yarda Hajiya ta yi ba. Ɗaukarta ma a rage, yaron ya haƙura da wasa da ita, a cire duk abin hawa mai tsayi daga akwatin domin kada ta faɗo.

Baba Mai Kaji:
Likita, garin ƙashi da muke sa wa kaji fa, ko ɓawon ƙwai a daka? Ina tambaya ne saboda wanda yake inda babu shagon irin waɗannan kaya.

Likitan Dabbobi:
Ɓawon ƙwai yana yi Baba, in an tafasa shi, an busar, an niƙa ya yi laushi sosai, domin kusan dukkansa irin kalsiyam ɗin da ke cikin kwalbar ne. Garin ƙashi kuwa yana tafe da fosforas mai yawa, ga shi dama fosforas ɗin ne ya yi yawa a ƙwarin, don haka bai dace ba a nan. Kuma duka biyun babu D3 a ciki.

Malam Na Tudu:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, kuma ba zan iya yin shiru ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kashe tsaka, kuma a ruwayar Bukhari an ambaci cewa ta kasance tana hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim. Ta yaya Musulmi zai ajiye ta a ɗaki har ana neman mata magani? Ban faɗa don cin fuska ba Hajiya, nasiha ce.

Maman Abba:
Malam na gode, kuma wallahi abin ya zo mini a rai tun ranar da aka kawo ta. Ban saya ba, ban kuma nema ba. Na yi niyyar tambayar limaminmu ko hukuncin ya haɗa da wannan nau'in da ba ya shiga gidajen mutane. In ya ce a rabu da ita, akwai ƙungiyoyin da ke karɓar irinsu a nan. Amma kafin nan tana hannuna, a kulle, ba ta iya nemo wa kanta komai.

Shugaban Zaure:
Malam ya isar da nasiha, Hajiya ta amsa da ladabi. Fatawa ta malamai ce, a kai musu. Abin da na san babu saɓani a kansa shi ne hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ke tsare a hannun mutum ba a barin ta cikin wahala. Sannan dokar kula da dabbobi ta Ingila ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin nema mata magani. Mu ci gaba da batun lafiya.

Hajiya Nas:
Ni ba dabbobi na sani ba, yara nake jinya, amma bayanin Likita ya tuna mini da yaran da ake kawo mana da ƙafafu gwame. Mutane suna mamakin yadda yaro zai yi wannan ciwo a ƙasar da rana ta yi yawa. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna a wajenmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Na kawo wannan ne saboda gardamar fitila da gari. Kowanne a cikinsu in ya ɓace ƙashi zai faɗa. Kuma ƙanwata, ku riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko akwatinta. Ba ta da dafi kamar yadda ake faɗa a gida, amma dabbobi masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu, tana sa gudawa mai tsanani musamman ga ƙananan yara. Kada a wanke kwanukanta a inda ake wanke na abinci.

Maman Abba:
'Yan uwa mun dawo daga asibitin dabbobi. Sai da na nemi wanda ke duba dabbobi masu rarrafe, domin na kusa da mu karnuka da kyanwoyi kawai suke gani. An ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta nuna mini ƙasusuwan ƙafa sun yi dishi-dishi har da ƙyar ake bambance su da nama, akwai kuma tsohuwar karaya a ƙafar gaba ta hagu da ta haɗe a karkace. Ta ce laushin ƙashi ne. Ta kuma ga ɗan gyambo a dasashin da ke waje. Ta ba mu ruwan kalsiyam na ɗigawa a baki, da abin goge gyambon, da wani garin abinci da ake damawa. Ta ce a sa fitila mai rauni, a kuma sa na'urar daidaita zafi a tabarmar. Abin da ya sosa mini rai, ta ce bakin ba zai koma yadda yake ba.

Likitan Dabbobi:
Gaskiya ta faɗa miki Hajiya. Ƙashin zai yi tauri in Allah ya so, cikin makonni zuwa watanni, amma a siffar da yake yanzu zai taurare. Abin da ake nema shi ne ya daina ƙaruwa, ta iya ci da kanta. Da yawa suna kaiwa haka.

Ga abin da zan ƙara a kan na likitarku. Zafin ƙasan ɓangaren ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 30 da 32 a ma'aunin Celsius, ɗaya ɓangaren ya fi sanyi. In babu wannan ɗumin ba ta narkar da abinci, maganin ma ba zai yi aikinsa ba. Wajen ba ta ruwan maganin ko abincin da aka dama, ki ɗiga a gefen leɓe ki jira ta lashe, kada ki cusa sirinji. In ta fara kama ƙwaro da kanta, a ba ta ƙanana masu laushi. Tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kaji suka fara kiwo ta fi dacewa, domin ita kalsiyam ɗinta ya fi fosforas yawa. Sauran ƙwarin a ciyar da su ganye da karas da abincin ƙwari mai kalsiyam kwana 1 zuwa 2 kafin a miƙa mata, sannan a barbaɗe su da gari dab da bayarwa, domin gyare yana kakkaɓe shi. Kada a shimfiɗa yashi a ƙasan akwatin, ko wanda aka rubuta wai na kalsiyam ne, tana haɗiya ya toshe hanji, takardar goge hannu ta wadatar yanzu. Ki riƙa auna ta a sikelin kicin duk mako kina rubutawa. Ƙwan fitilar kuma yana daina fitar da UVB tun yana haske a ido, ana canja shi bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinsa.

Dasashin nan da ke waje shi zan so ki sa wa ido har abada, domin yana bushewa ya tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Ɗan Kumasi:
Allah ya ba ta lafiya. Likita, tunda ana kan maganar, ni ma ga tawa. Akwai wata irin tsaka mai kaurin jela da ake kamawa a dawa a arewacin Ghana da Togo da Benin ana fitarwa Turai, mai ratsin ruwan ƙasa. Wani abokina da ke harkar ya ba ni namiji ɗaya. Tafiyarsa garau, ƙafafu miƙe, amma gefen dama na muƙamuƙin ƙasa ya kumbura, bakin ya goce, kuma wani abu rawaya-rawaya yana fitowa a gefen leɓe. Da na karanta bayaninka sai na ce ko in fara zuba masa kalsiyam.

Ɗalibar Zariya:
Wannan Hemitheconyx caudicinctus ce, tamu ce ta Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru ana samunta, har da Najeriya. Dangin ta Hajiya ce ta kusa, ita ma tana da fatar ido, sai dai ta fi son laima.

Likitan Dabbobi:
Ɗan uwa, abin da nake gudu ke nan, a ji labarin wani a ɗauko maganinsa. Naka ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya girma a dawa yana cin ƙwari iri-iri da wuya ya zo da laushin ƙashi, kuma laushin ƙashi yakan taɓa ɓangarori biyu da ƙafafu. Kumburi a gefe guda da abu rawaya a leɓe, ruɓewar baki ce ta fi kama da shi, wataƙila da ƙurji a ciki. Yakan fara ne daga rauni, wajen kamu, ko cizon ɗan uwansa in an cunkusa maza a buhu ɗaya, ko goga hanci a jikin waya yana neman hanyar fita, ko cizon hantsakin ƙarfe da ake miƙa musu abinci da shi. Gajiyar tafiya da sanyi su karya garkuwar jiki, sai cuta ta kama. Ƙarancin bitamin A ma yana lalata fatar cikin baki da ta ido, amma wannan an fi ganinsa a waɗanda suka daɗe a keji.

Abin da ya sa ba a wasa da shi, mugunyar dabbobi masu rarrafe ba ruwa ba ce, daskararriya ce. Ba ta fashewa ta tsiyaye, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa tsakiyarta. Sai likita ya tsaga ya kwashe, ya wanke, sannan a bi da magani. Haƙoransu a jikin ƙashin suke manne ta gefen ciki, babu wani nama mai kauri a tsakani, shi ya sa cutar ke saurin shiga ƙashi ta cinye shi, a nan ne baki ke gocewa. Kada ka matse, kada ka sa kananzir ko man burki ko toka. Akwai makarantar likitocin dabbobi a jami'ar KNUST nan Kumasi, ka fara tambaya a can. Kafin nan ka ware shi shi kaɗai, a kan takarda mai tsabta, da ɗumi da ruwan sha. A duba kashinsa ma, domin na dawa sukan zo da tsutsar ciki.

Kawu na Houston:
Zan ƙara abu ɗaya da ba a ambata ba, ƙari. Akwai launin da ake kira Lemon Frost a cikin masu ɗigon damisa, an yi rububinsa da tsada. Daga baya aka ga mafi yawansu suna fitar da fararen ƙulli a fata, har a kai da wuya. Masana a jami'ar UCLA ta Amurka sun bi diddigi, a 2021 suka wallafa cewa wata ƙwayar halitta mai suna SPINT1 ce ke da alaƙa da launin da kuma ƙarin. In irin wannan ƙullin ya fito a gefen baki zai iya ture muƙamuƙi. Duk wanda aka yi wa tallan wannan launin ya bar shi. Sannan tambayata gare ka Likita. Cikin 'ya'yan da na ƙyanƙyashe bana akwai ɗaya da ya fito na ƙasa ya zarce tun ranar farko. Uwar tana samun gari yadda ya kamata. Yana ci sosai, yana girma.

Likitan Dabbobi:
Wannan shi ne irin wanda ka faɗa da farko Alhaji, kuma yadda ake gane shi ke nan: yana nan tun ƙyanƙyasa, ƙashin da tauri, ba kumburi, ba ya ƙaruwa, ƙafafu da baya a miƙe. Dalili kan iya zama gado, ko ƙarancin wani sinadari a jikin uwa lokacin da take haɗa ƙwan, ko zafin na'urar ƙyanƙyasa. Ka san ana ɗumama ƙwansu tsakanin digiri 26 da 32, ƙasa-ƙasa mata su fi yawa, sama-sama maza, to masu neman maza sukan matsa zuwa ƙarshen iyaka, in na'ura ta ɗan zarce ko tana hawa tana sauka, naƙasa na ƙaruwa. Ka duba ɗan uwansa da suka fito a ɗauka guda, da sauran da suka kwana a na'urar tare. In shi kaɗai ne a cikin waɗanda suka sha zafi iri ɗaya, ko kuma iyayen nan sun taɓa fitar da irinsa, gado ya fi ƙarfi.

Kawu na Houston:
Ɗan uwansa lafiya yake. Amma uban da uwar kakansu ɗaya.

Likitan Dabbobi:
To ka raba wannan haɗin, shi kuma ɗan tsakar kada a sa shi barbara ko da launinsa ya yi kyau. In za ka bayar da shi, ka gaya wa mai karɓa gaskiya, ka nuna masa yadda zai riƙa duba dasashin gaba da ke waje, musamman bayan saɓa, domin tsohuwar fata takan maƙale a nan. Ka ɗauki hoton kansa ta gefe duk wata, ka riƙa kwatantawa. In ka ga tazarar na ƙaruwa ko ya fara sakin ƙwaro daga baki, a ɗauki hoton ƙashi a kuma duba ƙodarsa, domin ciwon ƙoda ma yana kwashe kalsiyam daga ƙashi ko da abinci ya cika.